Tabaryar Baba Gwadabe

"Umma, me ya sa kwanon Baba Gwadabe yake daban? Ko shi ma ƙyanda yake yi?"

Murja ce ta yi tambayar, shekararta huɗu a lokacin, kuma ba a ɓoye ta yi ta ba. A tsakar gida ta yi ta, da muryar nan tata mai kaiwa har zaure, daidai lokacin da uwarta Barakatu ta miƙa mata dambu ta kai wa tsohon da ya zo duba banɗaki. Kwanon wata tsohuwar langa ce duk ta ɓaɓɓalle, wadda ake kifewa a bayan murhu ita kaɗai. A iya sanin Murja, mutum ɗaya aka taɓa ware wa kwano a gidan, wato ita, lokacin da ta yi ƙyanda.

Barakatu ta ce, "Ke, ɗauki ki kai, ban da surutu."

Tsohon ya riga ya ji. Yana tsugune a inuwar katanga yana wanke hannu da toka. Ya ɗago ya ce, "Amarya, kawo nan. Ni na ce a ware mini. Na ga irin lomarki, in muka haɗa kwano da yunwa zan tashi."

Murja ta yi dariya ta wuce. Barakatu ba ta yi ba, don ta san amsar gaskiya. Aikin Gwadabe banɗaki ne: ya haƙa masai, ya rufe wadda ta cika, ya gyara wurin wanka, ya fitar da kwata. Irin mutumin da ake aika masa da sauri idan abu ya ɓaci, a kuma ware masa kwano idan ya zo. Ba wanda ya koya mata hakan da baki. Ta tarar ana yi ne, ta ci gaba.

Duk wanda ya zauna a Wudil ya san shi, ko da bai san sunansa ba. Shekara talatin da wani abu, da ya idar da sallar asuba ya sha kokonsa, sai ya fito da tsohon kekensa. A bayan keken akwai cebur da diga da naɗin igiya. A jikin ƙarfen tsakiya kuma ya ɗaure tabarya, ta itacen kirya, baƙa, kanta ya cinye saboda aiki. Namiji da furfura yana yawo da tabarya, ai dole a tanka. Kullum ya zo wucewa ta wajen mahauta sai wani ya ce, "Gwadabe, yau a gidan wa za a yi dakan?" Shi kuma ya ce, "Gidanku, in kun samo geron." Kullum tambayar ɗaya ce, amsar ma ɗaya, ba wanda ya gaji a cikinsu.

Yana da ƙa'ida biyu da bai taɓa sauka daga kansu ba. Ta farko, in ya shiga tsohon gida, kafin ya kwance igiya yakan tambaya, "Wace ce tsohuwar gidan nan?" Ba ya tambayar maigida, don ya ce maza ba su san tarihin bayan gidansu ba. Ta biyu, yakan cire takalmi ya shiga banɗakin da tabaryar nan, ya bi ƙasan taki-taki yana bugawa, kansa a karkace, yana saurare. Wani lokaci ya gama kafin shayi ya huce. Wani lokaci ya kai azahar.

Shekarar Udoji ce, da aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi, aka kira shi gidan su Barakatu. Wanda ya ga shekarar nan ya san yadda gari ya koma: kowane ma'aikaci da sabon babur ko sabuwar rediyo, kowace ƙofa da tarin yashi. Mijinta Dalhatu malamin gona ne, gidan kuma na kakansa ne, gidan ƙasa na cikin gari mai soro da azara. Famfo ya shigo layinsu. Ya je Kano ya ga shaya a gidan wani abokinsa, ya dawo ya ce shi ma ya gama wanka da bokiti. Ya sayo siminti ya jibge a zaure, ya ce a zuba kankare a kan tsohon daɓen, a kafa shaya, a gama kafin ruwa ya sauka. Abin da ake yi ke nan a ko'ina, kwana biyu an gama.

Banɗakin gidan fili ne mai katanga ba rufi. Masai tana kusurwar arewa. Gefen kudu, inda ƙasa ta fi laushi da kyan daɓe, nan ne wurin wanka. Nan Barakatu take ajiye baho safe da yamma ta yi wa jaririyarta Rabi'atu wanka, Murja na tsugune a gefe tana jiran layi. Bahon har ya bar zobe a ƙasan.

Ranar farko, bayan dambun, Gwadabe ya shiga da tabaryarsa. Barakatu tana ɗaki bayan asabari, tana ba jaririya nono, ba ta ganin komai, sai ji. Tim. Tim. Tim. Ya bi gefen masai, ya bi bakin ƙofa, sautin ɗaya. Sai ya iso kudu. Dum. Ya tsaya. Ya sake bugawa. Dum.

Ba ta san lokacin da ta cire yarinyar daga nono ba.

Da Dalhatu ya dawo daga ofis, Gwadabe ya ce masa ba zai fara ba sai ya ga tsohuwar gidan. Dalhatu ya ce iyayensa sun rasu, ba kowa sai Gwaggo Hansai, ƙanwar mahaifinsa, ita kuwa tana Dagumawa wajen 'yarta.

"To, gobe sai in je Dagumawa."

"Baba Gwadabe, aiki na kira ka ko ziyara? Me Gwaggo ta sani game da siminti?"

"Ba ta san siminti ba, ranka ya daɗe. Ta san abin da yake ƙarƙashinsa."

Washegari da sassafe ya hau kekensa. Barakatu kuwa ba ta jira kowa ba. Ta ɗauko baho ta dawo da shi tsakar gida kusa da rijiya, ta mirgino turmi ta tare bakin banɗakin, ta ce wa Murja daga yau a fo za ta riƙa yi, in ta kuskura ta tsallaka turmin nan za ta gane. Dalhatu ya ga turmin ya kewaye shi ya wuce. Da yamma ya biya wajen da ake gina sababbin ofisoshi ya yi magana da wani birkila mai suna Labaran, wanda ya ce shi wuni ɗaya ya ishe shi.

Saboda haka da hantsin rana ta uku mutum uku ne a bakin banɗakin: maigida, da Labaran da cokalinsa na gini, da Gwadabe da ƙurar hanya a ƙafarsa. Aka gaisa, aka tambayi gajiya da iyali da mutanen Dagumawa, sannan Gwadabe ya ba da saƙo.

"Gwaggo tana gaishe ka. Ta ce masai ta farko a gidan nan a kudu take. Shekarar da aka haife ka ruwan rijiya ya canza ɗanɗano, yara suka yi ta gudawa, kakanka ya ce a rufe ta a haƙa wata can arewa, nesa da rijiyar. Na tambaye ta, ta cika aka rufe ta ko ba ta cika ba? Ta ce ko rabi ba ta kai ba. Azara aka jera a bakinta, aka shimfiɗa zana, aka zuba ƙasa aka daɓe. Ta ce da hannunta ta yi daɓen."

Dalhatu ya ce, "To, shekara talatin da biyu ke nan. A nan aka yi mini wanka, a nan na yi wa kaina. Bai taɓa motsi ba."

"Da bokiti ɗaya. Ruwan bokiti kafin ya nutse rana ta shanye shi. Yanzu za ka ɗora masa nauyin kankare, ka sakar masa famfo safe da yamma. Kankare yakan tsage, ko da tsagar gashi ce. Ruwa ya bi ta nan ya sauka kan azarar da gara ta riga ta ci. Daga sama ba za ka ga komai ba, sumul zai kasance. Ƙasar daɓe in za ta tafi takan lotsa, ta yi maka gargaɗi. Kankare ba ya gargaɗi. Rana ɗaya yake tafiya gaba ɗaya, da wanda yake kai."

Labaran ya ce, "Baba, ai yanzu akwai rodi. In na saƙa rodi ko mota ta hau."

"Rodin a kan me zai zauna, ɗana?"

Labaran ya duba katangar ƙasa, ya duba daɓen. Amma Dalhatu ya gaji. Simintinsa na zaure, hadari ya fara haɗuwa a gabas da yamma-yamma, ga shi ya riga ya gaya wa abokan aikinsa. Ya ce shi jiya ya shiga ya yi tsalle a wurin bai ji komai ba. Ya ce wa Gwadabe ya gode, Allah ya saka, Labaran zai ci gaba daga nan.

Barakatu ba mace ce mai tsoma baki a maganar maza ba. Shekara shida da aurenta, baƙo bai taɓa jin muryarta daga ɗaki ba. Ranar ya ji.

"Malam, in ka yarda zan ce wani abu."

Dalhatu ya ce, "Ina ji."

"Ni ban san rodi ba, ban san kankare ba. Amma tun ina shekara bakwai nake daka. Ko daga gidan maƙwabta na ji ana daka, zan gaya maka turmin da hatsi a ciki ko babu. Shekaranjiya da Baba ya buga gefen masai, turmi ne cike. Da ya buga inda nake sa baho, turmi ne da ba komai. Ka tambayi kowace mace a layin nan. In an zuba simintin, gidanka ne. Amma yaran nan ba zan kai su kansa ba, ko za su shekara ina yi musu wanka a bakin rijiya."

Ba ta ɗaga murya ba. Dalhatu ya tsaya jim, kunya da haushi suna kokawa a fuskarsa, ga baƙi biyu suna kallon ƙasa. Sai ya miƙa hannu ya ce, "Ba ni tabaryar, in ji da kunnena."

Gwadabe bai miƙa ba sai da ya jawo wani dogon katako ya gitta shi daga bakin ƙofa zuwa gindin katanga. "Kan wannan za ka tsaya."

"Haba Baba."

"Ka yi wa tsufana wannan, ranka ya daɗe."

Dalhatu ya hau katakon. Gwadabe a hankali yake bugawa, don shi sauraro yake yi. Dalhatu kuwa so yake ya nuna, ya ɗaga tabaryar da hannu biyu. Ta farko, dum. Ta biyu, dum. A ta uku tabaryar ta shige kamar an fizge ta daga hannunsa. Ƙasa mai faɗin faifai ta bi ta. Sai da aka ɗan jima kafin a ji saukarta can ƙasa.

Ba wanda ya yi salati da ƙarfi, ba wanda ya yi ihu. Dalhatu ya ja da baya a kan katakon, taki ɗaya-ɗaya, ya fito ya zauna a kan turmin da matarsa ta tare ƙofa da shi. Labaran ya kwance igiya ya ɗaura dutse ya zura: gaba biyu da rabi. Gwadabe ya kwanta rub da ciki a kan katakon ya sa hannu ya ɓallo azara ɗaya. Ya murza ta, ta zube kamar garin ƙuli.

Da mazan suka fita zaure, Barakatu ta je ta leƙa daga bakin ƙofa. Ramin ya buɗe ne a tsakiyar zoben da bahonta ya bari. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta koma ta ɗora ruwan tuwo.

Aikin wuni ɗaya ya ci kwana goma sha bakwai. Labaran bai tafi ba, ya ce yana so ya gani. Suka yaye daɓen duka, suka kwashe ruɓaɓɓiyar azara. Jakuna suka yi ta jigilar dutse da yashi daga kogi. Gwadabe ba ya yarda a juye gaba ɗaya: a zuba kamu ɗaya, a yayyafa ruwa, a danne, a bar shi ya kwana, gobe a ƙara. Da ramin ya cika sai ya tsaya yana dube-dube kamar wanda ya manta wani abu. Tabaryarsa tana ƙasa, ƙarƙashin yashin, ba ta ciruwa ba tun ranar, ya kuma hana kowa shiga nemanta.

Barakatu ta aiko Murja da tata, wadda aka kawo ta da ita daga gidansu.

Ya ce daga bakin ƙofa, "'Yata, in ta shiga nan ba ta komawa turmi fa."

Ta ce, "Na sani, Baba."

Ya shiga ya buga. Tim. Tim. Har kusurwar kudu, tim.

Sauran aikin ƙanana ne, irin waɗanda ba a lura da su sai an rasa su. Dalhatu ya so a shafe kankaren ya yi sheƙi irin na Kano. Gwadabe ya jira ya fara kamawa, ya ja tsintsiya a kansa ya bar shi da kaushi, ya ce ƙafar yaro da sabulu ba ta san sheƙi ba. Ya zuba ruwan buta ɗaya ya tsuguna ya bi shi da ido har ya fita ta kwata, gefen da ba rijiya. Ya karɓi takalmin Murja ya gwada bakin masai da shi, ya rage faɗin har ya tabbatar ƙafarta ba ta shiga, ya yi mata murfin katako mai nauyin da yaro ba ya ɗagawa. Matakan ƙafa ya ɗora su arewa da kudu, yadda mai zama ba ya fuskantar alƙibla, ba ya ba ta baya. Sakatar ƙofa ya sa ta can sama. Dalhatu ya tambayi dalili, ya ce yaro yana iya kulle kansa, buɗewa ce ba ya iyawa.

Ruwan farko ya sauka kwana biyu da gamawa. A cikin kwanakin nan kuma, ba tare da wata sanarwa ba, abincin Gwadabe ya koma fita a kwanon baƙin maigida mai murfi. Tsohuwar langar tana nan har yau, kaji ke shan ruwa a ciki.

Ba gidan Dalhatu kaɗai ba ne. Isyaku mai tukwane ya ce da idonsa ya ga Gwadabe ya ɗaure kayansa ya bar wani aiki a Achika, saboda maigidan ya dage sai an haƙa masai taki biyar daga rijiya, ya ce a nemi wani, hannunsa ba zai yi ba. Talatu ungozoma, wadda ta shiga banɗakunan garin nan fiye da kowa, ta ce tana taka ƙasan take gane aikinsa, don shi ne ba ta tsoron mai jego ta zame. Irin shaidar da yake da ita ke nan. Ba za a kirga yaran da ya tsare ba, domin ba abin da ya same su.

Baba Gwadabe, kai ne ka hau keke zuwa Dagumawa don tambaya ɗaya, a kan 'ya'yan da ba naka ba, a gidan da aka kife maka kwano a bayan murhu. Kai ne aka sallama a gaban sa'an ɗanka, ka tsaya ka shimfiɗa wa mai sallamar katako. Ka san ana ja da baya in ka miƙo hannu, ba ka taɓa ramawa a cikin aiki ba, alhali aikinka a binne yake, ba mai gani. Mai kunnen ƙasa, mun gode. Allah ya saka da alheri, ya sa ƙarshenka ya fi farkonka.

Bana ya ajiye aiki. Ba ƙarfi ne ya ƙare ba, har yanzu yana hawa keke. Kunne ne ya yi nauyi. Bayan ƙaramar sallah ya shiga wani gida ya buga, ya sake bugawa, ya ga ba ya raba tim da dum. Ya fito ya gaya wa maigidan gaskiya, ya koma gida. Barakatu ta aika Murja, wadda yanzu take aji biyu, ta gaishe shi da tuwo. Ta dawo ta ce yana zaune a zaurensa, tabaryar da Barakatu ta ba shi tana jingine a bayansa, sai an ɗaga murya yake ji, ya kuma ce a gaya wa amarya har yanzu lomarta ba ta ragu ba. Labaran ya sayi tasa tabaryar, mahauta sun samu sabon abokin tsokana. Amma Labaran mutum ɗaya ne, siminti kuwa mota-mota yake shigowa garin nan.

Masu sana'a, ku yi koyi da shi: ku tambaya, ku saurara, ku iya cewa a'a. Ku kuma masu tsofaffin gidaje, musamman mata, da ku ake. Duk gidan da ya kai kaka da jika yana da ramin da aka rufe aka manta, kuma sau da yawa nan ne wuri mafi kyan daɓe, inda kike ajiye baho. Kafin a zuba siminti a banɗakinku, a nemo tsohuwar gidan tun tana da rai, a tambaye ta inda aka taɓa haƙawa, da ko ta cika aka rufe. A samo tabarya a buga, ke ki tsaya ki ji, kunnenki ya fi na maigida sanin wannan sautin. In kika ji dum, ɗauke yaranki daga wurin a ranar, kada ki jira a gama gardama. Gwadabe ya daina zuwa, kuma ƙasan ba za ta sake yi miki magana ba da zarar an rufe ta.